Asilin Akka, mai shayin mawaƙa

Kafin a buɗe ɗakin ɗaukar waƙa, wata mata mai suna Asilin, wadda muke kira Akka, wato Yaya, ta riga ta sauko daga bas ɗin farko mai shigowa birnin Kolombo, ta daka citta, ta ɗora tukunya. Tun ina sabon shiga da gogena na same ta tana dafa wa masu rera waƙoƙin fim shayin citta da mazarƙwaila.

Kada ku raina aikin. Mawaƙanmu ba su yarda da juna ba ko kaɗan. A gaban 'yan jarida sai runguma, amma ko ruwan kwakwa wata ta miƙa wa wata, sai a faki ido a tuttular, don tsoron barbaɗen da ke kashe murya. Kofin Asilin kaɗai ake shanyewa ba a sansana ba.

Sai ranar da Padmaseeli, wadda muryarta ke sayar da fim a lokacin, ta sha shayinta, ta tsaya za ta rera, murya ta ce ba ta san zancen ba. Mu makaɗa muka yi cirko-cirko.

Masta Wijepala mai tsara kiɗan ya ce, "Me kika ci yau?"

"Wallahi ban sa komai a bakina ba, Masta, sai shayin Akka."

Ya leƙa kicin. "Ke Asilin, wa ya aiko ki? Faɗi gaskiya!"

"Citta ce da ruwa, Masta."

Ba a kore ta ba, don babu shaida. Amma daga ranar kowane mawaƙi ya koma zuwa da filas daga gida, in ta gifta a rufe bakin kofi da tafin hannu. Padmaseeli ta ɓace watanni, wai neman makari, ta dawo ta ci gaba da tashe. Asilin kuwa ta ci gaba da ɗora tukunya, mu makaɗa muna sha, tunda ba mu da muryar da za a kashe.

Haka aka yi ta tafiya shekaru. Makon jiya, a walimar ajiye aikin Asilin, Padmaseeli ta miƙe tana hawaye, ta faɗi gaskiya. Ashe ƙari ne ya fito mata a maƙogwaro, asibiti ta je aka yanke. Asilin ta taɓa ganin ta tana tofar da jini a bayan kicin, Padmaseeli ta roƙe ta ta yi shiru. Masu fim suna jiran wanda aka yi wa sammu, amma mai ciwon maƙogwaro canza shi suke yi.

Ni dai hawayen nan ban gamsu da su ba. Sai da ta daina waƙa, sai da ta ga kyamara, sannan gaskiya ta faɗo mata? Raina ya ɓaci matuƙa.

Asilin cewa kawai ta yi, "Zauna, ƙanwata. 'Ya'yanki ƙanana ne a lokacin."

Akka, ke ce kika ba da sunanki aka rufa wa wata asiri. Mun gode. Ku matasan da ke shigowa sana'ar nan, in za ku yi koyi, ku yi da ita. Waƙoƙin da kuka tashi kuna ji a rediyo, matar da aka rufe wa kofi ce ta biya su da mutuncinta.