Wayata Kaɗai Ta Rage

Ƙarfe shida da minti goma na yamma, ina yanka burodi a kicin, na ji waƙar da suke yi a falo ta yanke a tsakiya.

Wata biyar ke nan ina zuwa daga unguwar East Greensboro ina aiki a gidan da ɗaliban jami'a Yahudawa ke taruwa. Duk Juma'a in rana ta faɗi, ba sa taɓa wuta, ba sa taɓa waya. Wayoyin ma a kwando suke zuba su a bakin ƙofa. Ni ke kunna fitila, ni ke ɗumama miya. Liya, shugabarsu, ita ta ɗauke ni aiki.

Na leƙa ta taga. Gungun mutane ne a kan ciyawa. Jarumai ke nan! Kowa ya rufe fuska, ya fito yaƙi da masu shan miya. Suna kiran sunan Liya, suna faɗin lambar ɗakinta.

Shida da kwata dutse ya tarwatsa gilashin ƙofa. Kwandon na can cikin ɓaraguzai, ba mai iya zuwa. Wayata kaɗai ta rage. Na kira 'yan sanda. Lamba uku kacal, sau biyu ina kuskurewa.

Wani daga cikin gungun ya hango hijabina. "'Yar'uwa, fito! Ba da ke muke ba!" Wai 'yar'uwa. Mutumin da ko sallama bai iya ba. Allah ya sawwaƙe.

Na buɗe ƙofar da nake fitar da shara. "Ku duƙa! Ku biyo ni!" Mu tara ne. Muka bi bayan tankunan shara, muka ratsa wajen fakin. Takalmin Liya ɗaya ya fita, ba ta waiwaya ba. Wasu ɗalibai na baranda suna ɗaukar mu bidiyo. Ko "lafiya?" babu.

Muka faɗa ɗakin wanki na wani bene, muka kulle. Dattijon malaminsu, wanda nake ce wa Baba, ya jingina bayansa da ƙofar. Minti arba'in ba abin da muke ji sai injin busar da kaya da numfashinsa.

Bakwai da minti biyar 'yar sanda ta ƙwanƙwasa. Ta ce sun watse, ba sauran haɗari, kowa ya tafi gida. Ba a kama ko ɗaya ba.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Ya cire 'yar hularsa ta Yahudawa, ya ninke, ya sa a aljihu, sannan ya fita. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar. Furfura ce duka.