Tabon allura a hannun Ɗantala

Ɗantala maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da namu. Mahaƙin rijiya ne. Tsakanin ƙauyenmu da Garhanga da wuya a sami rijiyar da bai shiga cikinta ba, ko don haƙa ko don yasa. Yana saurayi ya je Abijan sau ɗaya, ya dawo da tari, bai sake zuwa ba. Saboda haka in maza suka watse cin rani, shi ake bari tare da mu mata da tsofaffi.

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi ban gane ba. Duk bayan wata uku sai ya sa rigarsa mai dogon hannu, ya ce da matarsa Biba zai shiga birni sayen igiya. Ya dawo da la'asar ba igiya, ya zauna gindin itacen bedi ya shanye fura kwano biyu. Biba ta sha gaya mini tana tsoron ciwo yake ɓoye mata. Nakan ce ta yi ta addu'a.

A azumin da ya faɗo tsakiyar bazara, ranar sha bakwai ga wata, autata Jaratu ta haihu da hantsi. Jaririya ta zo lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Mijinta Alhusaini yana Abijan. Na leƙa ta kan katanga na kira Ɗantala, ya ɗaura jaki a sharet, wato amalanke, muka kai ta ɗakin magani, daga can ambilans ta wuce da mu babbar likita ta birni, wato babban asibiti. Duk hanya hannunta yana cikin nawa, ina jin sanyinsa yana ƙaruwa, ga rana kuwa kamar wuta.

Bayan azahar majo, wato babban mai jinya, ya fito. Ya ce sun tsayar da zubar, amma abin da ya fita ya yi yawa, in ba a ƙara mata jini kafin faɗuwar rana ba, ba ya iya yi mini alkawarin komai. Ya ce irin jininta ba shi da yawa cikin mutane, kuma babu shi a firigon da suke sanyaya jini, don da azumi masu bayarwa ba su cika zuwa ba. Na miƙa hannuna. Suka gwada, ba irinsa ba ne. Na leƙa ɗakin, na ga leɓunanta sun yi fari, tana kallon rufi, ƙuda ya sauka a goshinta ba ta kore shi ba. Haka na ga ubanta ranar da ya bar mu. Na zauna a ƙasa.

Sai na ji majo ya kira Ɗantala da sunansa, kamar wanda ya daɗe da saninsa. Ɗantala ya matso yana naɗe hannun riga. A lanƙwasar hannunsa na ga tabo ƙanana birjik, wani kan wani.

"Sati biyar ke nan da ka ba mu jini," in ji majo. "Ga azumi a bakinka. Ba zan ɗiba ba."

Ɗantala ya roƙe shi, ya ce ko rabi ne. Majo ya ce ba zai kwantar da mutum biyu don ya tayar da ɗaya ba, a nemo mutane a gwada. Ɗantala ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Inna, tashi mu tahi kasuwa. Gara su ga huskar uwatta."

A hanya ya ba ni labari, ba tare da ya dube ni ba. Shekara takwas da suka wuce ya kawo wani abokin aikinsa da ƙasa ta rufta wa, aka gwada jinin shi Ɗantala, aka ce nasa irin wanda ake wahalar samu ne. Tun daga nan yake zuwa ba da jini duk wata uku. Ya ce shi bai taɓa tara hatsin da zai fitar da dami ya ba wani ba, sai ga shi Allah ya ajiye masa abin sadaka a jikinsa. Amma bai taɓa kwanciya a gadon ɗibar jini ba tare da ya yi kalmar shahada ba. Majo yakan ce jini kamar ruwan rijiya yake, in an ɗiba yana dawowa. Shi kuwa ya san rijiya fiye da majo, ya ga wadda ta shekara talatin tana kawowa, wata safiya aka zura guga ya fito da yashi. Ya ɓoye ne don kada ladan ya lalace, kuma don kada a ce sayarwa yake yi.

Muka iske masu lodin albasa kwance ƙarƙashin rumfa, sun jiƙa rawuna sun rufe fuska. Ɗantala ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo mu. Babu wanda ya motsa. Wani ya ce azumi ake yi. Ɗantala ya ce ya tambayi liman tun tuni, ba da jini ba ya karya azumi, wanda kuma jiri ya kama ya sha ruwa ya rama, ceton rai ne. Wani dogo ya ɗaga rawani ya ce ya ji wanda aka ɗibar wa jini ba ya sake ɗaukar buhu.

"Kai mai rijiya, in abin kirki ne, ba su naka mana."

Aka yi 'yar dariya. Na ga wasu mutanen ƙauyenmu biyu sun tsaya suna kallo, Ɗantala ma ya gan su. Ya naɗe riga har kafaɗa, ya miƙa hannun cikin rana.

"Sau ashirin da bakwai," ya ce. "Shekaranjiya na hito rijiya mai gaba ashirin. Wanda ke shakka shi zo mu ɗauki buhu, ni da shi."

Dariya ta tsaya. Dogon ya tashi ya kama hannun ya duba, ya dube ni, ya nemi takalmansa. Mutum biyar har da shi suka biyo mu, da wani Bafillace mai suna Bello da ya kawo awaki kasuwa, ya ji maganar daga gefe.

Aka shiga gwaji ɗaya bayan ɗaya. Na farko ba shi ba, na biyu ba shi ba. Ina jan carbi ina kallon inuwar katanga tana tsawo. Dogon ma ba shi ba, na huɗu ma haka. Na biyar aka ce jininsa ya yi kaɗan. Saura Bello, na kasa ɗaga kai. Da majo ya ce an samu, ban gane maganar ba sai da ya maimaita.

Bello na ganin allurar ya yunƙura zai sauka daga gado. Ɗantala ya dafa masa kafaɗa, yana tambayarsa rijiyoyin da yake shayar da dabbobi, wacce ke da ɗaci, wacce ke ƙafewa. Ta taga nake ganinsu. Idon Ɗantala a rufe yake tam har aka gama.

Ana kiran magariba ledar jinin ta kusa ƙarewa cikin hannun Jaratu. Ta juyo ta tambaye ni ko an shayar da jaririyar.

Kafin mu koma gida labari ya riga mu. Wasu suka ce Allah ya saka masa, wasu suka ce ai dama an san ba banza yake zuwa birni ba. Biba ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa ya taɓa tambayata ta kan katanga ko ina ganin ladansa ya zube tunda ya nuna. Na ce ni ba malama ba ce, amma kullum sunansa yana cikin sujadata.

Da wata uku suka cika ya sa rigar nan mai dogon hannu. Wannan karon bai yi zancen igiya ba. Biba ta dama fura ta rufe, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida tana kallon hanya. Na ɗauko jikata na je na zauna kusa da ita, ba mu tashi ba sai da muka hango shi.