Mai Guduma da Taragun 'Yan Biyar

Ƙarfe shida da rabi yake shigowa yadin kwantena, guduma a hannu, alli a bayan kunne. Ba ya zama, ko shayi a tsaye yake sha. Zai bi jirgin ƙasa daga kai har wutsiya yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa, ya karkata kai ya saurara. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ciwo kuwa sai ta yi gum. Shekara talatin da ɗaya ke nan Mai Guduma yana wannan sauraro, mu direbobin tirela muna kallonsa muna cewa tsohon nan ya cika ɓata lokaci.

Da kamfani ya kawo taragun da muke kira 'yan biyar, kowa ya yi murna. Tarago biyar ne a haɗe, kowane biyu suna tarayya a ƙafafun da ke ƙarƙashin mahaɗarsu. Ba su da nauyi, ba sa fizgar kaya in jirgi ya tashi, kuma suna cin kwantena fiye da na da. Shi kuwa ya zagaya su sau biyu ya ce, "Suna da kyau. Amma ranar da ɗaya ya kamu da ciwo, duk biyar za a kwantar."

Ranar ta zo saura kwana tara ya ajiye aiki. Mai injin ɗaga kaya, bisa sabonsa da tsofaffin taragu, ya jera kwantena biyu na tayil gaba da baya, duk nauyinsu ya taru a mahaɗa ɗaya. A haka jirgin ya yi tafiya biyu. Mai Guduma ya buga ƙafar wurin, ya sake bugawa, ya zaro alli ya zana mata babban kuros, alamar ba za ta tafi ba.

Manaja ya fito da gudu. "Baba, mene ne kuma?"

"Ta tsage daga ciki, yallaɓai."

"To a cire wannan ɗaya, jirgi ya tafi."

"Da wuƙa zan yanke shi? Ai ƙafarsa ta ɗan'uwansa ce."

Muka yi caa a kansa, don kwantena goma ne za su sauka, biyu ni na kawo su. Wani ya ce, "Tsoho, kunnenka ne ya tsage!" Manaja ya rage murya ya ce, "Baba, kwana tara ya rage maka. Kana so takardar ƙarshe a fayil ɗinka ta zama ta laifi?"

Mai Guduma yana ta safa da marwa tsakanin tarago da ofis, gumi na zuba, amma bai goge allin ba. Ya ce, "Gadar kogi tana gaban jirgin nan, kuma direban yana da 'ya'ya huɗu. Rubuta takardarka."

Aka janye 'yan biyar gefe, jirgi ya tafi da giɓi. Da makanikai suka ɗaga tarago washegari, ga tsaga nan a bayan ƙafar, inda ido ba ya kaiwa, tsawon yatsa. Babu wanda ya ba shi haƙuri, har da ni. Manaja dai ya yaga takardarsa.

Yau da muka taru don karrama ka, bari in faɗa: kai ne kunnen yadin nan, Baba. Kai ne ka yarda a zage ka da rana tsaka don wani ya koma gida da ƙafarsa. Uwargidanka ta ce tun da ka zauna a gida babu tukunyar da ba ka ƙwanƙwasa ba, har ƙafar gado. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Haƙurin da muka riƙe, ga shi yau a gaban jama'a.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. An ƙaro 'yan biyar guda shida, mai injin ya koyi raba nauyi, amma ban ga wanda ya koyi sauraro ba. Ku da kuke aikin yadi, gidansa ba nisa, kunnensa kuma garau yake. Ku je ku zauna gabansa tun yana nan. Jiya na leƙa ɗakin ma'aikata, gudumar tana rataye a ƙusa, ga jirgi a waje ana lodi.