Kunyar da Ta Ci Ƙafar Yayana

A shekarun nan na hamsin ni matashi ne, malamin dabbobi a En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ina zagaya rugage daga Kiru zuwa Tudun Wada har Doguwa ina yi wa shanu allura. Keke nake hawa, kuma duk wanda ya san hanyar Falgore da damina ya san keken ne ke hawan mutum. Ba ni da wani buri a lokacin da ya wuce in mallaki babur.

Akwai wani dattijo mai sayen gyaɗa a Bebeji, aminin mahaifina tun suna yara. Baba muke ce masa, har ƙasa muke tsugunawa mu gaishe shi. Shi ya aiko a kira ni, ya ce ya ji ina neman babur, ga nasa, tsufa ya hana shi hawa, gara ya faɗa hannun ɗansa da ya tafi hannun bare. Na tarar da babur ɗin a zaure yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Sirdin ya sha jiki, tayoyin sun suɗe, amma fentin sabo fil. Ba yaro ba ne ni. Na san ana kai abin hawa gwaji Kano, na san ana ba da takarda, na kuma san abin da ya dace shi ne in nemi ganinta. To amma da wane baki zan ce wa aminin ubana ya nuna min takarda? A wurinmu wannan daidai yake da ka kira shi maƙaryaci a gidansa. Na yi ta juya maganar a baki, shi kuwa munafukin tsohon yana kallona sarai, har ya tambaye ni ko akwai abin da nake son sani. Na sunkuyar da kai na ce babu.

Bayan girbi yayana, wanda ke noma a Badafi, ya roƙe ni in kai shi kasuwar Doguwa ya duba bijimin huɗa. Mutum ne ƙaƙƙarfa, shi ke ciyar da gidanmu duka. Muna gangara wani kwari kusa da Falgore, ba gudu nake ba, sai na ji kan babur ɗin ya rabu da jikinsa. Ni na faɗa cikin ciyawa na kuje. Shi kuwa injin ya danne masa ƙafa a kan dutse. Fulani suka taimaka muka fito da shi bakin hanya, sai da yamma muka samu motar gyaɗa. Kafin mu isa asibiti a Kano ƙafar ta riga ta lalace, aka yanke ta daga gwiwa.

Da aka kai gawar babur ɗin wurin mai gwajin motoci, yana ganin lambar ya gane shi. Ya ce babur ɗin ya taɓa karo da babbar mota, wuyansa ya karye, an kawo masa shi ba sau ɗaya ba yana hana shi hawa titi, har ya ce wa mai shi ya sayar wa maƙera. Ya kankare fentin da wuƙa ya nuna min inda aka liƙe karayar. Da na yi tambaya ɗaya a wannan ofishin tun farko, da ta ishe ni.

Tsohon ya zo dubiya da ƙullin goro, ya zauna kusa da yayana yana ta ambaton ƙaddara. Da na kasa haƙuri na faɗi abin da na gano, ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi ai ya tambaye ni, ni na ce babu abin da nake son sani. Na so in kai shi gaban alƙali, mahaifina ya rantse in na yi ba ni ba shi. Yayana bai sake riƙe garma ba, ya ƙare rayuwarsa yana tufka igiya a ƙofar gida. Bai taɓa ɗora min laifi ba, kuma wannan ya fi min ciwo fiye da zagi. Ranar da tsohon ya mutu aka nemi a yafe masa, na bi sahu na yi salla, amma bakina bai furta ba, har yau kuma bai furta ba.

Abin da na koya shi ne macuci ba ya neman baƙo, wanda ke jin nauyinsa yake nema, don ya san tarbiyyarka za ta rufe maka baki. Duk mai sayen tsohon abin hawa, ko daga hannun wa ya fito, ya nemi takardar gwajinsa, ya je da ƙafarsa ya ji abin da masu gwajin suka sani. Ka gaida babba, ka tsuguna, sannan ka yi tambayarka. In ya ji haushi ya ji. Haushi yana wucewa, ƙafa kuwa ba ta tsirowa.