Hitar Ɗakin Inna

Shekarar da muka ɗauko Inna daga Galadi muka dawo da ita Ƙaura, sanyin hunturu ya same ta a ɗakin bulo mai rufin kwano. A ƙauye kan gadon ƙasa take kwana, a hura wuta ƙarƙashinsa, ɗumi ya kai ta asuba. A nan ta nemi kaskon garwashi, likita ya hana, ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki hayaƙi ba. Tari ya sa ta gaba. Kullum da safe sai in tarar da ita a ƙudundune cikin zannuwa uku, yatsunta sun kasa riƙe carbi.

Na je wurin wani mai kayan lantarki a bakin kasuwa, na ce ina son hitar ɗumama ɗaki, irin doguwar nan da ake kwantarwa a gindin bango.

"Malam, ɗakin ƙahwa nawa na?" in ji shi. "Kayan ga ba a sayensu da ido."

Ni da nake koyar da lissafi a firamare, an zo wurina. Na ari tef wajen telan unguwarmu, na durƙusa ina awo. Inna ta dube ni ta ce, "Kai kuma, riga za ka ɗunka ma ɗakin?"

Tsawo ƙafa goma sha biyu, faɗi goma, na ninka ya ba ni ɗari da ashirin. Mai shago ya ce a ba kowace ƙafa wat goma na ƙarfin wuta, kuma tunda babu silin a ƙara. Muka tsaya a kan mai wat dubu da ɗari biyar, aka ja mata waya mai kauri ita kaɗai. Na dawo gida ina ji da kaina.

Kwana uku a jere aka bar mana wuta. Kowace safiya hita da zafi, ɗaki kamar randa, Inna tana tari. Raina ya ɓaci. Na koma shagon na zazzage wa mutumin faɗa, na ce lissafina dai ba ya ƙarya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Taga ruhe take? Ƙohwa hwa?"

Na buɗe baki zan ce mana, sai na tuna ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan ba. Kullum a buɗe nake samunta, ina zaton da ta fita alwala ne ta bar ta haka.

Da hantsi na tambaye ta dalilin barin ƙofa a buɗe. Ta daɗe tana gyara bakin zanenta.

"Ɗana, ranad da ɓarayin daji sunka shigo muna, waɗanda sunka ruhe ƙohwa ba su ji babura ba. Ni na ji, shi ya sa kaka ganina. Ba ni iya barci ban jin waje."

Kunya da tausayinta suka kama ni. Wata biyu tana gidana ban sani ba.

Na ɗauko bargona mai nauyi na kafa shi da ƙusa a bakin ƙofar, na bar ta a buɗe, na jawo gadonta kusa da hitar. Ta ce in dakata, ba ta yarda ba tukuna. Muka zauna a bayan bargon muna saurare, har wani ɗan acaɓa ya wuce can bakin titi. Ta karkata kai, ta bi ƙarar har ta ɓace.

"Na ji shi," ta ce. "Bar shi hakanan."