Harsashin Orville Mai Zuwa a Makare

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Orville Tackett a filin harbi na garinmu, nan gabashin Oklahoma, ya san warin harsashinsa kafin ya san sunansa. Wari ne irin na fitsarin kyanwa, ga hayaƙi kamar ana ƙona taya. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce sana'arsa. Ɗan siriri ne, mai gashin bakin da ya fi ƙarfin fuskarsa. Ba talaka ba ne, maƙo ne ya yi masa katutu, har farantin takarda yake wankewa ya shanya a bayan gida.

Mu muna sayen harsashin ƙaramar bindiga a kwali, shi kuwa a bokiti yake saye. Wata masana'anta ce ke yin sa a wata ƙasa, ba wanda ya iya faɗin sunanta, har shi Orville ɗin. Don Allah kada in zalunce shi, yawanci yana tashi. Amma ba Asabar da za ta wuce ba a ji "ƙas" daga wajen Orville ba, a daidai lokacin da kowa ke jin "tau" daga tasa bindigar.

Muna da doka a filin. In ka ja kunama harsashi bai tashi ba, ba ka sauke hannu, ba ka leƙa bakin bindiga kamar wawa. Ka riƙe ta tana kallon tudun ƙasar da muke harbi, ka jira, don wani harsashin yakan yi nawa ya tashi daga baya. Mu sau ɗaya a shekara wannan ke samun mu. Orville kuwa rabin rayuwarsa a tsaye ya yi ta, hannu a miƙe, yana jira.

Buford Maples, tsohon direban tirela mai baki kamar reza, shi ne ba ya barin sa ya sha ruwa.

"Orville, a kawo maka kujera ne?"

"Rufe mini baki, Buford."

"A'a, tambaya nake. Mu je mu ci wake da burodin masara mu dawo, ko kana ganin zai tashi kafin Kirsimeti?"

"Ku yi ta surutu," in ji Orville, bai ko juyo ba. "Harsashina ba ya ƙi, makara yake yi. Ku da kuke sayen kwali mai hoton barewa, kwalin kuke harbawa?"

Wannan magana ita ce addininsa na biyu. Abin haushin shi ne, duk tsawon shekarun nan ko sau ɗaya harsashin bai taɓa fid da shi kunya ba. Zai jira har hannunsa ya gaji, sannan ya fitar da shi a mace, ya jefa a aljihu yana gunaguni. Ya so ƙwarai a ce wata rana ɗaya ya tashi a gaban Buford, bai samu ba.

Matarsa Darlene ta ce ita abin bai ba ta mamaki ba, shi da harsashin uwa ɗaya uba ɗaya suke. A makare yake zuwa coci, a makare yake zuwa cin abinci. Ranar ɗaurin aurensu ma sai da ta gaji da tsayuwa da furanni a hannu, ashe ango ya tsaya a hanya don ya ga ana gwanjon taya.

Zuciya ce ta buga masa a kan rufin wani shago, cikin zafin Agusta, yana gyara. Na yi kuka, kuma ban zaci zan yi ba.

Al'adarmu ce in ɗan ƙungiyarmu ta masu harbi ya rasu, daga maƙabarta sai filin harbi. Mu jeru, kowa ya harba ɗaya a tudu, kuma da harsashin mamacin. A nan hankalin Buford ya tashi. Ya ja ni gefe a bakin mota, ya buɗe aljihu ya nuna mini harsashi mai tsada, yana walƙiya.

"Hoyt, mu musanya a ɓoye," ya ce. "Ga fasto, ga jikokinsa. Ka san abin da zai faru. Ba na so a yi masa dariya yau."

"Kai ne ke faɗin haka?"

"Ni ɗin. Dariyata daban."

Ashe Darlene na bayanmu, riƙe da bokitin. Ta dire shi a gabanmu.

"Mayar da kayanka aljihu, Buford. Kun yi masa dariya yana da rai, bai canza ba. Ba yau za ku canza masa ba."

Muka jeru. Muka harba ɗaya bayan ɗaya, kuma abin mamaki kowa nasa ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe, fasto ya kama tari, warin nan ya cika wurin har na ji kamar Orville na tsaye a gefena. Saura Darlene, da tsohuwar bindigar mijinta. Ta ɗaga hannu biyu, ta ja kunama.

Ƙas.

Ba wanda ya yi dariya. Buford ya sunkuyar da kai, ya cire hula. Darlene ba ta sauke hannu ba, ta tsaya yadda doka ta ce, yadda muka ga mijinta ya tsaya ba adadi. Muka tsaya tare da ita. Da na ga jiran ya yi tsawo, na ɗaga ƙafa zan je in karɓe bindigar.

Tau!

Ƙura ta tashi a jikin tudu. Fasto ya zabura, littafinsa ya faɗi. Buford ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ɗan banza," ya ce. "Ashe da gaskiyarsa."

Darlene ta cire sauran harsashin, ta ajiye bindigar a kan tebur. Hawaye na zuba, amma dariya take yi.

"Sai yanzu ka iso, maigida?" ta ce. "To, mun jira ka."