Yadda Sunan Katanga Ya Cinye Mini Gwiwa

Lokacin da wannan abu ya faro, a tsakiyar shekarun 1990, ni saurayi ne dogo mai ƙirar ƙarfi, ban cika ashirin ba, ba ni da wata damuwa a duniya sai ƙwallo. A Habbena aka haife ni, cikin birnin N'Djamena. Kakana ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya yi aure ya zauna. Mahaifina yana sayar da yadi a babbar kasuwa, Grand Marché. Da safe in taya shi zaman shago, da la'asar in rataya takalmina in nufi fili. Edita, na rubuto muku ne don akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, wadda ba zan iya faɗa a majalisa ba.

A wasannin lungu ni ɗan tsakiya ne. Ina son in tsayar da ƙwallo, in ɗaga kai, in miƙa wa mutum ita a ƙafarsa. Amma da na shiga kulob ɗin unguwarmu, kocinmu, wani tsohon soja mai kaushin murya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wannan tsayi ba na tsakiya ba ne, in koma baya. Ya gaya mini ɗan baya ba ya tunani, ba ya kwalliya, kuma ba ya ciwo. Kalma ɗaya ya san ya faɗa mini daga bakin fili, "Degaje!", wato in buge ta can nesa ko ina ta faɗa. Ran da na yanke wani ɗan gaba na ba da ƙwallo a ƙasa, duk da ta isa inda na aika ta, sai da ya sa na yi ta zagaya fili har magariba. A atisaye 'yan gaba suna can suna koyon dabaru, mu 'yan baya ana jefo mana ƙwallo sama muna sa kai, ko a ce mu yi ta zamiya a kan tsakuwa. Na bi, na kuma ƙware. Kafin shekara ta zagayo 'yan kallo sun raɗa mini suna Katanga.

Akwai wata majalisa a gindin darbejiya kusa da filin, wurin mai shayi, inda magoya baya ke zama bayan kowane wasa. Rabi da Hausa, rabi da Larabci ake musun, kuma kusan kullum a kan 'yan baya. Ɓangare guda wani direban tasi ke jagoranta. Shi a wurinsa ɗan baya ƙofa ce, aikinta ta rufu, kuma wanda ya gama wasa da rigarsa fes to bai yi aiki ba. Da ni yake kafa misali. Ɗaya ɓangaren wani tsohon tela ne, kusan shi kaɗai. Yakan ce abin da muke yi ba tsaron baya ba ne, dambe ne, ɗan baya na ƙwarai shi ne wanda ke karanta wasa ya tare ƙwallo ba tare da ya faɗi ƙasa ba. Shi ma da ni yake kafa misali. Ina zaune a gefe da kofin shayi za su yi ta juya ni kamar yadi a hannun mai ciniki. Na tsani telan nan. Direban kuwa ko na shiga motarsa ba ya karɓar kuɗina, yana ta nuna ni ga fasinjoji.

A wata damina na yi tsalle na sa kai, na sauko ƙafata ta dama ta nutse cikin laka, jikina ya juya ita ba ta juya ba. Na ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwar. Na kwanta, sai na ji fili ya ɗauka da kiran sunan nan, ana cewa Katanga ba ta faɗuwa. Na miƙe. Wallahi wannan miƙewar ita ce mafarin komai, domin tafin da aka yi mini ran nan ya fi na wanda ya ci ƙwallo. Washegari gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Na nuna wa koci, ya latsa ya ce targaɗe ne, ya kai ni wurin wani abokinsa mai farmasi. Mutumin ya zuƙe ruwan, ya yi mini allura, ciwon ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Daga nan ya zama al'ada: duk ranar wasa sai na biya ta bayan shagon mai farmasin an yi mini allurar, in buga kamar lafiyayye, kashegari in kasa sauka daga gado sai da dabara.

Haka na shiga wani rami da ban san ta inda zan fita ba. A gida na ɓoye, domin mahaifina tun farko ba ya son ƙwallon, yana ganin ya samu hujja zai hana ni. Mahaifiyata ce ta fara lura. Ta ce ta daina gane takuna idan na shigo zaure, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Na ce mata takalmi ne ya matse ni. Ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗenta. A waje kuma sunan ya riga ya fi ƙarfina. Mutane suna zuwa shagonmu don su gaisa da Katanga, su sayi yadi a kan hanya. Direban nan ya mayar da labarin ranar laka tatsuniya, kullum yana ƙara masa gishiri. Ta yaya wanda ake ba da labarinsa haka zai buɗe baki ya ce yana jin ciwo?

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Na sami koci shi kaɗai na roƙe shi ya ba ni hutu, ko ya mayar da ni tsakiya inda ba a yawan karo. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dafa kafaɗata ya ce dukan tsarinsa a kaina ya gina shi, ya saki 'yan gefe su tafi gaba ne don ya san ina nan, in na fita kulob ya rushe. Ya ce in daure a gama gasar unguwanni, sannan shi da kansa zai kai ni asibiti. Aka gama wannan gasar, wata ta shigo. Allurar da take riƙe ni wasa guda ta koma da ƙyar take kai ni hutun rabin lokaci.

Ranar da abin ya ƙare, muna wasan kusa da na ƙarshe da wani kulob daga wajen unguwar Lamadji. Suna da ɗan gaba siriri mai gudu kamar barewa. Rabin farko na tsare shi. Bayan an dawo na ji allurar tana saki, na ɗaga wa koci hannu, ya kawar da kai. Ana dab da tashi aka jefo wa ɗan gaban ƙwallo, ya nufo ni, ya yi kamar zai bi dama ya koma hagu. Na juya zan bi shi, gwiwar ta lanƙwashe ta inda gwiwa ba ta lanƙwasawa. Ko taɓa ni bai yi ba. Ina kwance ina kallo ya wuce gola ya zura ta a raga. Wannan karon ba wanda ya kira sunana. Abokan wasana ne suka ciccibe ni zuwa bakin titi.

Likitan da ya duba ni ya ce jijiyar ta daɗe da tsinkewa, kuma wasan da na yi ta yi a kanta ya cinye abin da ke tsakanin ƙasusuwan. Da na zo tun farko da an yi wani abu, amma yanzu kalas, an makara, sai dai lallaɓawa. Mahaifina ne ya mayar da ni gida. Ina kwance labarin majalisa yana isko ni. Wasu suka ce an saye ni, tun da ba wanda ya taɓa ni na faɗi. Direban ya ce da ma ya lura na fara tsoro. Kafin wata ya ƙare koci ya sami wani dogo ya sa a gurbina. Bai taɓa leƙo ni ba.

Mutum ɗaya daga majalisar ya zo, shi ne tsohon telan. Ya zauna a bakin tabarma ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce, "Ɗana, duk sukar da nake yi, da kocinka nake, ba da kai ba. Na taɓa ganinka kana wasa a lungu, na san abin da aka binne. Na kuma ga ɗingishinka tun bara, na yi shiru don kada a ce ƙiyayya ce. Ka yafe mini." Na juya fuskata bango na yi kukan da ban yi a fili ba.

Yanzu shagon mahaifina yana hannuna, ina tafiya da sanda duk lokacin sanyi. Kwanakin baya a gidan kallon ƙwallo na ji wasu samari suna musu a kan 'yan bayan da aka yi a unguwar. Ɗaya ya ce an yi wani Katanga wanda ya sayar da wasa. Wani ya ce ai ba ya iya komai sai duka. Ina bayansu a benci, ba su san ni ba. Shekarun da na yi ina tare ƙwallaye sun tafi, faɗuwa ɗaya ta rage. Haka ake tuna ɗan baya, an kuwa ce laifi tudu ne.

Abin da na koya shi ne, sunan da mutane suka ba ka nasu ne, suna iya karɓe abinsu ran da suka ga dama, jiki kuwa naka ne har kabari. Matasa masu buga baya, in kun ji ciwo ku faɗa, ku je asibiti, kada ku yarda da allurar bayan shago ko wa ya kai ku. Masu horarwa ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane, ku koya musu ƙwallo, ba haƙurin banza ba. Ku kuma 'yan majalisa, ku yi musunku, shi ne daɗin ƙwallo. Amma in kun ga ɗan wasa ya tashi daga ƙasa yana ɗingishi yana murmushi, kada ku tafa masa. Ku tambaye shi inda ke masa ciwo.